Shafukan da Kaka Ta Wanke

Jikata ce ta tono mini wannan tunani, ita kuwa ba ta ma san ta yi ba. Ta dawo daga lekkol, wato makarantar boko, ta tarar ina tafasa wani ganye da maƙwabciyata ta ji a saƙon murya wai yana maganin ciwon gwiwa. Ta ajiye jaka ta tsaya a kaina kamar jandarma. "Kaka, wa ya faɗa? A ina ya samo? Likita ne shi?" Na ce ke kuma yaushe aka naɗa ki alƙali. Ta ce ai malamar maktaba ce ke koya musu haka, duk abin da ya fito daga waya a yi masa tambayoyin nan kafin a haɗiye. Maktaba dai ita ce ɗakin littattafan lekkol, da sunan Larabci muke kiranta a nan Tamanrasset tun muna yara. Na sauke tukunyar, ba wai don an kayar da ni ba, sai don mamaki ya kama ni. A iya sanina mai maktaba littafi yake bayarwa ya karɓa, me ya kai shi cikin tukunyar mutane?

Ni kuwa Allah ya yi ni da son ganin ƙwaf. Ranar da aka gayyaci iyaye na yafa mayafi na bi yarinyar, na ce sai na ga wannan malama da ta hana ni shan maganina. Da na shiga ɗakin sai na tsaya turus. An tura kantocin littattafai can jikin bango, sun yi tsuru-tsuru kamar baƙin da ba a ba su tabarma ba, tsakiyar ɗakin kuwa tebura ne da kwamfutoci, yara sun haɗa kai bibbiyu suna ta surutu babu mai tsawata musu. Malamar ba ta kai autata shekaru ba. Ba ta da wurin zama takamaimai, yanzu tana nan tana gyara rezo, wato layin intanet, da ya yanke, an jima tana can tana nuna wa wasu hotuna biyu tana tambayarsu wanne aka ɗauka da gaske, wanne na'ura ta ƙaga. Wani malamin aji ma ya leƙo yana neman ta taya shi haɗa darasi. Na yi ta baza hanci ina neman wani ƙamshi da na sani, ban ji komai ba sai sanyin na'ura da sabulun da aka goge ƙasa da shi.

Tamu maktabar ƙamshinta ake fara ji tun daga baranda: ƙaro da aka jiƙa, tsohuwar takarda, da shayin da bai taɓa sauka daga kan gawayi ba a bayan ƙofa. Ɗaki ne ƙarami mai taga guda, ta cikinta ana hango duwatsun Ahaggar sun yi jawur da hantsi. Mai kula da ita wani dogon mutum ne daga Tazruk, kullum bakinsa rufe da amawali, ba mu taɓa ganin dariyarsa ba sai dai mu gane ta a ido. Shehi muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane malami a lekkol. Kafin ki taka ɗakin sai kin miƙa hannaye ya duba ciki da baya, in ya ga danƙon dabino ko man burodi ya nuna miki randa da haɓa. Kowane littafi ya yi masa riga da takardar buhun siminti da magina ke ba shi, ya goge ta tas ya yanka daidai. A cikin ɗakin ba a jin komai sai ƙarar allurarsa tana huda gindin littafi, da tarin wani yaro, da gurnanin manyan motoci can nesa suna gangarowa daga hanyar In Amgel. A irin motocin nan littattafan suke zuwa daga arewa, su ma sai an daɗe ana jira. Shi ya sa dokarsa guda ce kuma ba ya ɗaga ta: wanda ya ɓata littafi ba ya sake taka ɗakin sai shekara ta juyo.

Mu 'yan mata ya kan ba mu aikin kaɗe kantoci da reshen dabino, da dama ƙaro, da danne sababbin ɗinki a ƙarƙashin dutse. Ni ba don Allah kaɗai nake wannan hidima ba. A gidanmu Hausa ake yi daga safe har dare, Babanmu ɗan kasuwa ne da ya taso daga ƙasar Maraɗi ya kafa shagon atamfa da turare, Larabcinsa na ciniki ne kawai. A aji kuwa Larabcin littafi ake zuba mana, ni ina zaune kamar an ajiye tulu. Na riga na maimaita aji sau ɗaya, Baba ya ce in aka sake, to lekkol ta ƙare, in zauna in taya Inna aiki. Bai faɗa da fushi ba, shi a ganinsa ba a tilasta wa kai abin da ya ƙi ɗauka. A maktaba ne Larabcin ya fara buɗe mini. Shehi ya kan zaɓo mini littattafan yara masu manyan baƙaƙe da wasulla, in karanta a hankali ina motsa baki, in na kawo ya tambaye ni da gurguwar Hausarsa ta kasuwa, "Ke, mi ya ce ciki?" In na ba shi labari daidai ya ba ni wanda ya ɗan fi wuya. A shekarar nan na fara ɗaga hannu a aji, har malaminmu ya tambaya ko an canza ni ne.

Cikin wannan shekara Kaka, mahaifiyar Babanmu, ta zo daga ƙauye ta zauna da mu. Tsohuwa ce gajera mai kaifin baki, ba ta taɓa fita ƙasarsu ba sai wannan karon, kuma garin bai burge ta ba ko kaɗan. Sanyi ya yi mata yawa, burodi ba abinci ba ne, duwatsun sun tsaya wa mutum a kai. Amma abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne rubutu. A ƙauyensu ba a ganin baƙin Larabci sai a allo ko a cikin gafakar malam, abu ne da ba a taɓa shi sai da alwala, ba a ajiye shi a ƙasa, ba a tsallaka shi. Sai ga ta a garin da ake ƙunsa kifin gwangwani da gyaɗa a takardar Larabci, a yar a titi, jaki ya taka. In za mu kasuwa tafiyar ba ta ƙarewa, don kowane taku sai ta duƙa ta tsinci takarda, ta kaɗe, ta sumbata, ta cusa a tsagar bango. "Mutanen garin ga ba su tsoron Allah," haka take cewa. In na ce mata Kaka wannan fa tallar sabulu ce, sai ta harare ni. "Ke kika san mi ke ciki? Baƙi dai baƙi ne, ɗiyar nan." Muna dariya a ɓoye, amma ko Baba bai taɓa iya gyara mata ba.

Yanzu in na ga yadda jikokina ke kallon waya, da yadda ni kaina na ɗora tukunya saboda muryar wani da ban san fuskarsa ba, sai dariyar da na yi wa Kaka ta rage mini daɗi. Ita ta ɗauka duk abin da aka rubuta mai tsarki ne, mu mun ɗauka duk abin da ya haska a gilashin waya gaskiya ne. Ita ko ba komai ta kan yi alwala tukuna.

Da sanyi ya kama sosai Baba ya kwanta. Zazzaɓi ne da tari mai fito da numfashi da ƙyar, aka rufe shago, gidan ya yi tsit. Shi mutum ne mai gudun likita, ya ce zai wuce. Kaka ta rasa inda za ta sa kanta. Ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, ko kallonsa sosai ba ta yi a gaban mutane, sai dai ta tsaya bakin ƙofa ta tambayi Inna, "Yaya mai jikin?" A ƙauye da tuni ta je wurin malaminsu ya rubuta mata ayoyi a allo, a wanke a ba shi ya sha. A nan ba ta san malami ba, ba ta jin yaren kowa, kuma ba ta yarda da malaman garin da ke barin baƙi a titi ba. Ni kuwa a ranakun nan na aro wani littafi mai kyan gaske, kowane shafi an zagaye shi da zanen ado, wasullan da jan tawada, hotunansa duk an tattara su can ƙarshe. Na karanta shi har na kusa haddacewa. Na bar shi a kan akwatin Inna na tafi ɗibar ruwa a famfon unguwa, inda layi ya yi tsawo.

Da na dawo na tarar da littafin an naɗe shi a farin ƙyalle, an ɗora shi can saman kabad, yana ta ƙamshin turaren wuta. Na buɗe na duba. An cire warƙa biyu daga tsakiya, an yanke su da reza tsaf, babu ko karkata. A tsakar gida ga ƙwarya an kife, a gefenta ɗan curin takarda jiƙaƙƙe. Tawadar inji ba ta fita da ruwa kamar ta malam, don haka Kaka ta yi ta murza har takardar ta narke, ta tace da ƙyalle ta kai wa Inna ta ba Baba ya sha. Ta ga na tsaya da littafin a hannu, sai ta ce cikin jin daɗi, "Ashe kina da abu mai albarka haka kika ɓoye? Ya sha, ya samu barci." Fuskarta ta saki a karon farko tun da ya kwanta. Na mayar da littafin cikin ƙyallensa. Yarinya ba ta gaya wa kakarta ta yi kuskure, balle a ranar da tsohuwa ta samu abin riƙewa. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka mai isata, ina jin haushinta ina jin tausayinta, na rasa wanda ya fi yawa.

Washegari na miƙa wa Shehi littafin ba tare da na ɗaga kai ba. Ya kan bi shafuka da babban yatsa kamar mai ƙirga carbi, nan take ya tsaya a wurin. Yaran da ke ɗakin suka yi carko-carko, kowa ya san doka. Na riga na yanke ba zan ambaci Kaka ba, ko da za a kore ni, don tona asirin tsohuwa a gaban baƙo ya fi ƙarfina. Ya shafa gefen yankan, ya duba shi a hasken taga. Sannan ya sassauta amawalinsa kaɗan, abin da ban taɓa gani ba, ya kai littafin hanci ya shaƙa. Ya sallami sauran yaran, ya duƙo daidai tsayina ya ce a hankali, "Wa ba ya lafiya gidanku?"

Wannan tambaya ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin dukan abin da na ji a lekkol. Ranar da na je ganin malamar jikata, da hayaniya ta lafa, na ba ta wannan labari daidai nan, na ce mata to ke da na'urorinki ba su da ƙamshi, ta yaya za ki san gidan da babu lafiya? Na yi tsammanin za ta yi dariya. Sai ta ce, "Hajiya, in na ga yarinya ta bar aikin da aka ba ta, kullum tana neman bayanin ciwon ƙoda tana rufe gilashin in na matso, ai na sani. Sai in ja kujera in zauna kusa da ita." Ta ce abin da ya fi ba ta wuya shi ne, da littafi ɗaya yaro ke ɗauka ya kai gida, mai maktaba ya san abin da ke ciki, yanzu kuwa abin da ke shiga gidajen ba shi da iyaka kuma ba ta hannunta yake bi ba. Na dube ta da kyau. Ba ta da allura ba ta da ƙaro, amma na fara zargin sana'ar ba ta yi nisa da inda na bar ta ba kamar yadda na ɗauka.

Shehi bai jira na ba shi amsa mai tsawo ba. Na ce Babana, hawaye suka ƙarasa sauran. Ya ce tasa mahaifiyar a Tazruk ita ma da haka za ta yi. Da la'asar sai ga shi a ƙofar gidanmu ya yi sallama, ya zauna wurin Baba, ya saurari tarin, bai tashi ba sai da ya sa aka nemo mota aka kai shi asibiti. Ciwon huhu ne, aka riƙe shi ana yi masa allurai. Amma dokar maktaba bai ɗage mini ita gaba ɗaya ba, don yara sun gani, in ya ɗaga wa ɗaya ta rushe. Ya ce mini ba zan jira shekara ba, amma ƙofa a rufe take gare ni sai littafin ya cika. Babu wani irinsa a garin, saboda haka tunda na karanta, in rubuta abin da ke cikin warƙoƙin da hannuna, ya gyara ya ɗinke. Na ce wannan mai sauƙi ne. Ya ce da saura: wanda ya cire su sai ya ji abin da ke ciki, daga bakina, da Hausa. "In ba ta sani ba, gobe wani littafi za ta wanke, wataƙila mai guba a tawada." Na roƙe shi ya canza mini da shara ko wankin randa har ƙarshen shekara. Ya mayar da amawalinsa ya ci gaba da ɗinki.

Rubutun na gama shi da wuri, faɗar ce ta gagara. Jarrabawa tana matsowa, ina wuce ƙofar maktaba ina jin ƙamshin ƙaro kamar mai azumi a bakin murhu. Baba ya fara samun sauƙi, Kaka kuwa tana gaya wa duk matar da ta shigo gaisuwa cewa allurar likita ta tarar da aiki an riga an gama. Kowace rana in ce yau, in kalli fuskarta in fasa. Har wata la'asar ta kira ni in tsefe mata kai. Ina bayanta, ba ta ganin idona, sai na samu ƙarfin hali. Na ce Kaka, in karanta miki abin da ke cikin takardar nan da kika wanke? Ta gyara zama ta rufe ƙafafunta, ta ce bismillah.

Na karanta da Larabci ina juyawa. Labarin teku ne, ruwan da babu gaɓarsa, da wani kifi da ya fi babbar motar kaya girma. Na ji wuyanta ya sandare a ƙarƙashin hannuna. Na ci gaba, don in na tsaya ba zan iya sake farawa ba. Macen kifin nan ba ƙwai take yi ba, haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono a cikin ruwa. Kuma duk girmanta ba ta iya numfashi a ƙasan ruwa, sai ta taso. In ta haihu, ɗan bai san hanya ba, sai ta shiga ƙarƙashinsa ta tura shi sama da kanta har ya shaƙi iska. Na kai ƙarshe ina jiran mari ko kuka.

"Babu aya ciki?" ta tambaya.

"Babu, Kaka."

"Ko guda?"

"Ko guda."

"Ashe ruwan kifi na ba yaron nan," ta ce, muryarta ta yi ƙasa har da ƙyar na ji. Kunyarta ta kama ni kamar ni na yi. Can sai ta juyo, abin da ba ta yi in ana mata kitso. "Kifin ga, da gaske akwai shi, ko tatsuniyar Larabawa ce?" Na ce Shehi ya ce akwai. "Kuma tura ɗan take sama ya sha iska?" Na ce haka aka rubuta. Ta gyaɗa kai a hankali. "Ita ma abin da ta iya ke nan." Sannan ta tambaye ni me ya sa kwanan nan ba ta ganina da littafi, na gaya mata dokar, da jarrabawa, da maganar Baba. Sai ta ce in ƙarasa mata kai.

Da safe na fito da jakata na tarar da ita a zaure ta yafa farin zanenta na Juma'a. Kaka ba ta taɓa taka lekkol ba, a wurinta gidan Nasara ne ko da wane yare ake yi a ciki. Ta bi ni a baya har baranda, yara suna kallo, ta cire takalmi a ƙofar maktaba. Shehi ya miƙe tsaye. Tsohuwar da ta haifi wanda ya girme shi ta durƙusa a gabansa kan siminti mai sanyi, ya yi ta cewa "Inna, tashi, Inna, tashi," ta ƙi.

"Malam, ni na yanka, ba ita ba. Ta gaya mini mi ke ciki, na ji. A buɗe mata ƙohwa."

Ya karɓi warƙoƙin da na rubuta, ya duba, ya ajiye su kusa da allurarsa. Ya dube ni ya ce in miƙo hannaye. Ya duba ciki da baya, ya matsa gefe. Ina taka ɗakin na ji Kaka ta dafa ƙofa tana miƙewa, gwiwoyinta suna ƙara.

"Kuma Malam," ta ce, "in akwai sauran labarin kifin ga, a ba ta shi. Ban ji ko ɗan ya rayu ba."